Yadda Tsiro Ke Gane Fari, Gishiri, Zafi da Ambaliya: Tambayoyi da Amsoshi

An tsara wannan shafi ne don ɗalibai da masu fara bincike a kan yadda tsiro ke karɓar labarin matsin muhalli, ya isar da shi cikin jikinsa, ya mayar da martani. Ga yadda muka yi amfani da wasu kalmomi. "Ƙwayar halitta" ita ce ƙaramin ɗakin da aka gina jikin tsiro da shi, "tantani" kuma fatar da ta kewaye ta. "Ƙwayar gado" ita ce yankin DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin. "Ƙofofin ganye" su ne ƙananan ramukan da iska ke shiga, tururin ruwa kuma ke fita. Yawancin sunayen da za ku gani an fara gano su ne a jikin Arabidopsis, wata ƙaramar ciyawa da masu bincike suka mayar da ita abin gwaji. Kusan kowace amsa a nan za ku ga ta rataya a kan abu biyu: a wane lokaci aka auna, kuma a wane sashe na tsiron.

Tsiro ba shi da jijiyoyin sadarwa irin na dabba. Ta yaya ganye ke sanin saiwa na cikin ƙunci?

Hanyoyi uku ne, kuma saurinsu ya bambanta ƙwarai. Ta farko ita ce ruwan kansa. Ruwan da ke cikin jijiyar ruwa a haɗe yake tun daga saiwa har ganye, kamar igiya a ɗaure. Da zarar ƙasa ta bushe, jan da ke kan igiyar ya ƙaru, ƙwayoyin ganye su saki, kuma wannan yana isa sama kusan nan take.

Ta biyu ita ce igiyar kalsiyum da ta sinadaran oksijin masu kaifi, waɗanda ke tafiya daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kowace tana tayar da maƙwabciyarta. A 2009 an auna gudun igiyar oksijin a Arabidopsis, aka samu kimanin santimita 8.4 a minti ɗaya. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy da abokan aikinsu suka nuna cewa idan tsutsa ta ci ganye, gulutamet da ya zubo daga raunin yana buɗe ƙofofin GLR3.3 da GLR3.6, wato furotin na tantani masu barin kalsiyum ya shiga ƙwaya, sai igiyar kalsiyum ta bi jijiyoyi da gudun kusan milimita 1 a daƙiƙa ta isa ganyayen nesa cikin minti ɗaya zuwa biyu.

Ta uku ita ce sinadaran da ruwa ke ɗauka: homon, wato sinadaran saƙo na jikin tsiro, da gajerun furotin. Wannan ta fi sauran jinkiri, amma ita ce ke ɗauke da bayani dalla-dalla.

Me ya sa kalsiyum ke fitowa a kowane bayani? Ta yaya abu ɗaya zai faɗi sanyi, ya faɗi gishiri, ya faɗi taɓawa?

Ƙwayar halitta tana kashe ƙarfi sosai don ta riƙe kalsiyum na cikinta a ƙasa, kusan nanomola 100, alhali a bangon waje da cikin rumbun ƙwayar, wato babbar jakar ruwa da ke cikinta, yana kai matakin milimola. Bambancin ya kai ninki dubu goma. Saboda haka ƙofa ɗaya in ta buɗe na ɗan lokaci, kalsiyum zai kwararo da kansa, kuma a ji shi nan da nan.

Bayanin yana cikin siffar hauhawar: tsayinta, tsawon lokacinta, ko sau ɗaya ta zo ko tana maimaituwa, daga waje kalsiyum ɗin ya shigo ko daga rumbu, kuma a wace irin ƙwaya. An fara ganin wannan a tsiro mai rai a 1991, lokacin da Marc Knight da Anthony Trewavas suka saka wa taba furotin ikworin, wanda ke ba da haske idan ya kama kalsiyum. Sanyi da taɓawa kowanne ya ba da tasa siffar.

Furotin masu karanta siffar suna da yawa. Akwai kalmodulin, akwai CPK guda 34 a Arabidopsis, akwai CBL guda 10 da ke aiki da CIPK guda 26. Kowane rukuni yana da inda yake zama da yawan kalsiyum da ke tayar da shi. Ƙofar da ke buɗewa idan ruwa ya yi ƙaranci a kewayen ƙwaya, wato OSCA1, an bayyana ta a 2014.

Ku bi da mu hanyar ABA mataki-mataki.

ABA, wato asid absisik, shi ne babban homon na fari. An fara ware shi a farkon shekarun 1960 daga 'ya'yan auduga, amma sai 2009 aka tabbatar da makarɓansa, wato furotin da ke kama shi su isar da saƙonsa, a ayyuka biyu daban na rukunin Sean Cutler a Amurka da na Erwin Grill a Jamus.

Ana ƙera shi daga sinadaran launi karotinoyid masu kabon 40 na cikin kuloroflas, wato sashen ƙwaya da ke haɗa abinci da hasken rana. Wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadari, mai suna NCED ne ke yanke su, kuma shi ne ke ƙayyade saurin aikin gaba ɗaya. A Arabidopsis, NCED3 ne ke tashi a lokacin fari. Matakin ƙarshe yana buƙatar molibdinom, shi ya sa tsiron da ya kasa sarrafa wannan ma'adini yake yawan yaushi. A ganyen da ya rasa ruwa, ABA na iya ninkawa har sau 50 cikin sa'o'i kaɗan.

A lokacin wadata, wasu inzayim masu cire fosfet da ake kira PP2C, irin su ABI1 da ABI2, suna danne wasu masu manna fosfet da ake kira SnRK2. Wato hanyar a kulle take, da birki a kanta. Idan ABA ya zo, sai ya shiga aljihun makarɓi PYR/PYL, waɗanda suke 14 a Arabidopsis. Makarɓin ya rufe a kansa, siffarsa ta canza, ya je ya toshe bakin PP2C. Birki ya tashi ke nan, SnRK2 ya samu sakewa.

Daga nan aiki ya rabu biyu. A ƙwayoyi biyun da ke gadin ƙofar ganye, wani SnRK2 mai suna OST1 yana manna wa ƙofar SLAC1 fosfet. Kulorayid da naitiret su fita, cajin tantani ya sauya, ƙofar GORK ta buɗe, fotasiyum ya fita, ruwa ya bi su, ƙwayoyin gadi su saɓe, ƙofar ganye ta rufe. Duk wannan cikin mintuna ne. A cibiyar ƙwaya kuma, inda DNA yake, SnRK2 yana tayar da furotin ABF/AREB, su kuma su kunna ƙwayoyin gado masu ƙera furotin LEA, da dihaidirin, da sinadaran riƙe ruwa irin su furolin. Wannan yana ɗaukar sa'o'i.

Abin da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne kashewa. ABA da kansa yana ƙara ƙera PP2C, wato yana sake ɗora birki. Idan ruwa ya dawo kuma, inzayim CYP707A yana farfasa ABA da sauri. Tsiron da ba ya iya kashe wannan hanya yana tsira daga fari, amma ba ya girma yadda ya kamata.

Yadda aka gano OST1 ma darasi ne. Ganyen da ƙofofinsa suka ƙi rufewa yana ta fitar da tururi, don haka ya fi sauran sanyi da kusan digiri 1. Da kyamarar auna zafi aka tsinto shi a cikin dubban tsirrai.

A saiwa ake yin ABA ko a ganye?

Tsofaffin littattafai sun ce saiwa ce ke ƙera shi ta aika sama. Gwajin aure tsakanin tsirrai ya gyara wannan. A tumatir, an ɗora kan tsiro lafiyayye a kan saiwar da ba ta iya ƙera ABA sosai, kuma ƙofofin ganye suka rufe yadda ya kamata da ƙasa ta bushe. Mafi yawan ABA mai rufe ƙofofi a ganyen ake yin sa, musamman a ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyi, har da ƙwayoyin gadin kansu. Abin da saiwa ke aikawa shi ne labari: jan ruwa, da wani gajeren furotin mai suna CLE25 da aka bayyana a 2018, wanda makarɓan BAM1 da BAM3 ke kamawa a ganye su tayar da NCED3.

Sinadaran oksijin masu kaifi guba ne ko saƙo?

Dukansu biyu. Idan ƙofofin ganye suka rufe, kabon dayoksaid ya ragu a ciki, amma hasken rana bai daina zuwa ba. Ƙarfin da kuloroflas ya tara ya rasa inda za shi, sai ya faɗa kan oksijin, a samu sufa-oksaid da haidirojin feroksaid, masu lalata tantani da furotin. Wannan ɓarna ce, kuma tsiro na share ta da inzayim SOD, da katalez, da askobet feroksidez, da gulutatayon.

Amma akwai wanda tsiro ke ƙerawa da gangan. Inzayim RBOHD da RBOHF a tantani, idan kalsiyum da fosfet suka tayar da su, suna zuba sufa-oksaid a waje, ya koma feroksaid. Feroksaid ɗin ya shiga ta ƙofofin ruwa, ko makarɓi HPCA1 ya ji shi a waje, ya buɗe ƙofofin kalsiyum na ƙwaya ta gaba. Haka igiyar ke ciyar da kanta.

A wajen aunawa a yi hattara. Rinin DAB yana nuna feroksaid da launin ƙasa-ƙasa, NBT yana nuna sufa-oksaid da shuɗi, amma dukansu alama ce kawai, ba ma'auni ba. DAB ya dogara da yawan feroksidez na ganyen, kuma yankan ganyen da kansa yana haifar da launi a gefen yankan. Rinin DCF mai ƙyalli ba ya bambance nau'i, kuma hasken madubin dubawa ma yana ƙara masa ƙyalli.

Gishiri fari ne da wani suna?

A sa'o'in farko da kwanakin farko, kusan haka ne. Gishiri a kewayen saiwa yana hana tsiro jan ruwa, girman sabon ganye ya ragu, ABA ya tashi. Rana Munns ta Ostareliya ta raba lamarin gida biyu, kuma rabon yana da amfani sosai: zangon ƙarancin ruwa, sai zangon guba, wanda ke bayyana bayan kwanaki ko makonni idan sodiyum ya taru a tsofaffin ganye suka fara ƙonewa daga baki. Ana kiran ƙasa mai gishiri idan ma'aunin wutar ruwanta ya kai desisimens 4 a mita, kwatankwacin milimola 40 na gishiri.

Gubar ta samo asali ne daga kamannin sodiyum da fotasiyum. Inzayim fiye da 50 na buƙatar fotasiyum, sodiyum kuma yana zama a gurbinsa ba tare da ya yi aikinsa ba.

Hanyar SOS, wadda rukunin Jian-Kang Zhu ya fayyace a ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000, ita ce ta fitarwa. Gishiri ya tayar da kalsiyum, SOS3 ya kama shi, ya ɗauko SOS2 zuwa tantani, SOS2 ya manna wa SOS1 fosfet, SOS1 ya tura sodiyum waje yana musanya shi da furoton. Ƙarfin musanyar daga famfon furoton yake zuwa, shi kuma ATP, makamashin ƙwaya, yake ci, don haka jure gishiri yana da tsada ga tsiro. Bayan fitarwa akwai ɓoyewa a rumbun ƙwaya, akwai kuma HKT1, wanda ke tsamo sodiyum daga jijiyar ruwa kafin ya isa ganye. Wannan na ƙarshe ya nuna amfaninsa a gona: da aka shigar da nau'in HKT1;5 na wata tsohuwar dangin alkama cikin alkamar durum, amfaninta a ƙasa mai gishiri ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2012.

Me ya haɗa sanyi da fari har ƙwayoyin gado iri ɗaya ke tashi?

Ƙanƙara tana fara daskarewa ne a wajen ƙwaya, sai ta riƙa zuƙe ruwan ciki. Daskarewa, a idon ƙwayar halitta, bushewa ce. Shi ya sa kariyar ta yi kama.

Idan zafi ya sauka zuwa kusan digiri 4, tantani ya yi tauri, kalsiyum ya hau cikin daƙiƙoƙi. Cikin minti 15 ana fara ganin saƙon RNA na ƙwayoyin gadon CBF guda uku, ya kai ƙololuwa cikin sa'a 1 zuwa 3, ya sauka. Furotin CBF su kama jerin CCGAC a makunni, wato yankin DNA da ke kunna ƙwayar gado, na ƙwayoyin gadon COR masu amsa sanyi, su kunna su. Cikakken sabo da sanyi yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni. Hatsin rye, ɗan'uwan alkama, da bai saba ba yana mutuwa a kusan digiri 5 ƙasa da sifili. Wanda ya saba yana iya kaiwa 30 ƙasa da sifili. Tumatir yana da CBF, amma ƙwayoyin gadon da suke kunnawa kaɗan ne, kuma ba ya koyon jure daskarewa.

Da me tsiro ke auna zafi, kuma da gaske yana tunawa?

A raba ɗumi da zafi mai cutarwa. A ɗumi, fitokurom B, wanda aka sani da ganin jan haske, yana komawa siffarsa ta barci da sauri idan zafi ya ƙaru. An nuna haka a 2016. Furotin ELF3 kuma yana dunƙulewa ya daina aiki. Dukansu biyu suna sakin PIF4, shi kuma ya ƙara homon oksin, kara da wuyan ganye su yi tsawo.

A zafi mai cutarwa, furotin na warwarewa. HSP70 da HSP90, masu ceton furotin da zafi ya warware, waɗanda a da suke riƙe da furotin HSFA1, su sake shi su tafi ceto. HSFA1 ya shiga cibiya ya kunna ƙwayoyin gadon HSP cikin mintuna. HSP101 shi ne mai warware furotin da suka riga suka cure.

Tunawar gaskiya ce kuma ana gwada ta cikin sauƙi. Ƙananan tsirran Arabidopsis da aka kai kai tsaye digiri 44 zuwa 45 suna mutuwa. Waɗanda aka fara ba digiri 37 zuwa 38 na sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, aka bar su suka huta sa'a biyu, suna tsira. Kariyar tana ɗorewa kwanaki kaɗan, kuma HSFA2 ne ke riƙe ta, ta hanyar alamun metil a kan histon H3, furotin da DNA ke naɗe a kansa. Tsiron da ba shi da HSFA2 yana cin gwajin hutun sa'a biyu, ya faɗi na hutun kwana biyu ko uku. A gona, inda zafi ya fi yin ɓarna shi ne ƙurar fure: shinkafar da ta buɗe fure a sama da digiri 35 tana yawan ba da ƙwaya marar ciki, ko da ganyenta lafiya lau.

Ta yaya tsiro ke sanin ruwa ya rufe shi?

Iska tana tafiya a ruwa a hankali sau kusan dubu goma fiye da a sarari. Abu biyu ke biyo baya. Etilin, homon mai siffar iska da tsiro ke fitarwa kullum, ya kasa tserewa ya taru a ciki cikin sa'a ɗaya ko biyu. Shi ne gargaɗin farko. Daga baya oksijin ya ragu.

Na'urar auna oksijin tana daga cikin mafi kyawun abin da aka gano a wannan fanni, a 2011. Akwai furotin ERF-VII, guda biyar a Arabidopsis, da ke farawa da sistin a bakinsu. Muddin akwai oksijin, inzayim PCO yana manna shi a kan sistin ɗin, wani ya ƙara ajinin, PRT6 ya yi masa alamar shara, a farfasa shi. Ana ƙera furotin ɗin kullum, ana rushe shi kullum. Da oksijin ya ƙare, rushewa ta tsaya, furotin ya taru, ya kunna ƙwayoyin gadon PDC da ADH don samun ƙarfi ba tare da oksijin ba. Wannan hanyar tana ba da ATP 2 kacal daga kowane gulukos, inda numfashi ke ba da kusan 30, saboda haka tanadin sitaci ne ke yanke hukuncin wanda zai rayu.

Shinkafa ta nuna dabaru biyu masu karo da juna, kuma dukansu etilin ne ke tayar da su. Shinkafar zurfin ruwa ta kudancin Asiya tana da SNORKEL1 da SNORKEL2, da aka bayyana a 2009: suna ƙara homon girma jibarelin, kara ya miƙe har santimita 20 zuwa 25 a rana don ya riƙa tsere wa ruwan da ke hauhawa a hankali na watanni. Tsohon iri FR13A na gabashin Indiya kuma yana da SUB1A, wanda ke riƙe furotin masu danne jibarelin, tsiro ya yi lamo, ya adana sitacinsa har ruwa ya janye, kusan mako biyu. David Mackill da Pamela Ronald da abokan aikinsu suka bayyana shi a 2006, cibiyar IRRI ta Filifin ta shigar da shi cikin irin Swarna ta hanyar barbara da bin alamun DNA, aka saki Swarna-Sub1 a Indiya a 2009. Dabarar lamo ta dace da ambaliyar kwatsam mai wucewa. A ruwan da zai zauna watanni, halaka ce.

Idan fari da zafi suka haɗu, sai a tara martanin biyu?

A'a. Zafi yana son ƙofofin ganye a buɗe don tururi ya sanyaya shi, fari yana son su a rufe. Yawanci fari ke rinjaye, ganye ya yi zafi fiye da yadda zai yi a zafi kaɗai. Rukunin Ron Mittler ya nuna a 2004 cewa haɗuwar biyun a Arabidopsis tana tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado da babu ɗayan da ke tayarwa shi kaɗai, kuma tsiron yana tara sukuros maimakon furolin. Wanda ya gwada matsi ɗaya a ɗakin gwaji kada ya yi alƙawarin abin da zai faru a gona.

To me ya hana a kunna waɗannan ƙwayoyin gado dindindin a huta?

An gwada. A 1999 rukunin Kazuko Yamaguchi-Shinozaki a Japan ya sa DREB1A, ɗaya daga cikin CBF, ƙarƙashin makunnin 35S da ba ya mutuwa. Tsirran sun jure fari da daskarewa da gishiri, amma sun tsumbure ƙwarai. Da aka musanya makunnin da na RD29A, wanda matsi ne kawai ke tayar da shi, juriya ta zauna, tsumburewar ta ragu sosai.

Dalilin shi ne tsayar da girma wani ɓangare ne na saƙon kansa. CBF yana rage jibarelin, furotin DELLA su taru, su taka wa girma birki. SnRK2 yana danne TOR, mai ba da umarnin girma. A lokacin wadata kuma TOR yana manna wa makarɓan ABA fosfet ya kashe su. Tsiron daji yana neman ya rayu ya bar iri. Manomi yana neman amfani a farin da bai kai na kisa ba, kuma a nan tsiron da ya yi saurin rufe ƙofofi asara yake jawowa.

Shi ya sa irin da aka saka wa ƙwayar gado don jure fari suka isa gona ba su da yawa: masarar DroughtGard mai ƙwayar gadon cspB ta bakteriya, da ta shiga kasuwar Amurka a 2013, da alkamar HB4 mai ƙwayar gado daga furen rana, da Ajantina ta amince da ita a 2020. Wata hanyar ita ce feshi da sinadarai masu kwaikwayon ABA, irin su ofabaktin na 2019, don a rufe ƙofofi a lokacin da aka zaɓa kawai.

Tsirona ya daɗe bai yi yaushi ba bayan na daina ban ruwa. Ya jure fari ke nan?

Wannan ne kuskuren da ya fi cika rubuce-rubucen fannin. Tsiro ƙarami, ko mai rufaffun ƙofofi, yana shan ruwan tukunyarsa a hankali. A kwana na goma ƙasarsa na da danshi, ta maƙwabcinsa ta bushe. Ba su ga matsi iri ɗaya ba, don haka ba a kwatanta su ba.

Gyaran: a zuba busasshiyar ƙasa mai nauyi ɗaya a kowace tukunya. A jiƙa, a bar ta ta tsane, a auna; wannan shi ne cikar riƙon ruwa. A riƙa auna nauyi kullum a lokaci ɗaya, a ƙara wa masu saurin bushewa ruwa har kowa ya sauka tare, misali zuwa kashi 40 cikin ɗari don matsakaicin fari. Ko a shuka nau'i biyun a tukunya ɗaya. A riƙa sauya wa tukwane wuri, domin na gefe sun fi bushewa.

A auna ruwan ganye: nauyin ɗanye, sai nauyin ƙoshi bayan ya sha ruwa sa'a 4 a duhu, sai nauyin busasshe bayan sa'a 48 a digiri 70. A cire busasshe daga ɗanye, a raba da abin da ya rage in an cire busasshe daga ƙoshi, a ninka da 100. Ma'aunin Fv/Fm na lafiyar aikin kama haske a ganye, wanda ke kusan 0.83 a lafiyayyen ganye bayan minti 20 zuwa 30 a duhu, ba ya motsi sai fari ya yi tsanani, don haka ba shi da amfani wajen gano farkon matsi.

PEG ko manitol? Kuma nawa ne gishirin da za a zuba?

Dukansu sinadarai ne da ake zuba wa tsiro don a kwaikwayi fari a ɗakin gwaji. Manitol ƙarami ne, yana ratsa bangon ƙwaya, tsiro ma yana shan sa, sai tantani ya janye daga bango, abin da ba ya faruwa a busasshiyar ƙasa. PEG mai nauyin 8000 ba ya ratsawa, ya fi kama da fari. Matsalarsa biyu: yana hana aga, wato daskararren abin da ake renon tsiro a kai, daskarewa in an dafa su tare, don haka sai a zuba ruwansa a kan daskararriyar aga ya kwana, a tsiyaye; a ruwan reno kuma kaurinsa yana rage oksijin, dole a riƙa hura iska.

Zuba milimola 150 ko 200 na gishiri a lokaci ɗaya girgiza ce, kuma martanin girgiza za a auna. A ƙara milimola 25 zuwa 50 a rana, a ƙara kalsiyum a ruwan reno domin sodiyum yana rage samuwarsa. Don a ware guba daga ƙarancin ruwa, a yi gwajin kwatance mai jan ruwa daidai: milimola 100 na gishiri ya yi daidai da kusan 200 na manitol, domin gishiri yana rabewa biyu.

Na auna ƙwayoyin gado, sakamakon ya ƙi daidaituwa. Ina matsalar?

Yawanci a lokacin ɗiba. Kalsiyum daƙiƙoƙi ne, fosfet mintuna, CBF da NCED3 sa'a ɗaya zuwa uku, RD29B da RAB18 sa'o'i da yawa. Wanda ya ɗiba a sa'a 24 kaɗai zai ce CBF bai motsa ba. A ɗiba a minti 0, 15, 30, sai sa'a 1, 3, 6, 24, kowane lokaci da nasa tsiron kwatance da ba a sa wa matsi ba, domin agogon cikin tsiro yana sauya ƙarfin martani tsakanin safe da dare.

Taɓawa ma matsi ce. Janet Braam da Ronald Davis sun nuna a 1990 cewa feshin ruwa kawai yana ninka saƙon ƙwayoyin gadon TCH cikin minti 10 zuwa 30. Duk abin da aka yi wa tsiron gwaji, a yi wa na kwatance, ban da matsin. A jefa samfur cikin ruwan naitirojin cikin daƙiƙoƙi, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili. A raba saiwa da ganye. A yi amfani da ƙwayoyin gadon ma'auni aƙalla biyu da aka tabbatar ba sa motsi a wannan matsin, domin aktin kan motsa. RD29A yana amsa sanyi da fari da gishiri da ABA duka, saboda haka tashinsa bai tabbatar da ABA ba. RD29B ya fi kusa da hakan.

Na sa ABA a fatar ganye, ƙofofi ba su rufe ba. Me zan duba?

Fara da ABA ɗin. Haske yana juya shi zuwa siffar da ba ta aiki, don haka a narkar da shi a itanol, milimola 10 zuwa 50, a ajiye a duhu a digiri 20 ƙasa da sifili. Gaurayen da ake sayarwa mai siffa biyu, rabinsa ne na asali mai cikakken ƙarfi. Itanol a ruwan gwaji kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, kuma na kwatance ya samu daidai wannan.

Sai a tabbatar ƙofofin sun buɗe tun farko: fatar ƙasan ganye ta yi iyo a ruwan MES milimola 10 mai pH 6.15, da fotasiyum kulorayid milimola 10 zuwa 50, ƙarƙashin haske sa'a 2 zuwa 3. Fotasiyum in ya yi yawa yana raunana rufewa. Daga nan a sa ABA maikuromola 10, a duba bayan sa'a ɗaya zuwa biyu. Ƙwayoyin gadi da suka mutu wajen ɓare fata ba sa motsi, kuma rinin FDA yana nuna masu rai da koren ƙyalli. A auna faɗi a raba da tsawo, a ƙofofi 20 zuwa 30 na kowane ganye, mai aunawa bai san wane samfur ke gabansa ba. A lissafi kuma, tsiro ne maimaici, ba ƙofa ba: ƙofofi 90 daga tsirrai uku, maimaici uku ne.